Hancin Malam Nata'ala

Ga ta nan, ga ta nanku.

To, na ji kun ce ta zo ku ji ta, ga ta ta zo. Wannan a nan cikin birni aka yi ta, a karofin Ƙofar Mata, shekara biyu ko uku kafin Turawa su naɗe kayansu.

Malam Nata'ala marini ya gama matse wani rawani a bakin rijiyarsa, ya dafa gwiwa ya miƙe. Miƙewar ke nan sai duniya ta yi masa duhu. Ya ji ƙasa ta zame daga ƙarƙashinsa, ya tafi gaba ta ka. Rijiyar rini kuwa, in ba ku taɓa leƙa ta ba, bakinta ƙarami ne amma zurfinta ya fi tsayin mutum biyu, cike da baƙin ruwan baba da toka. Wanda ya shige ta da ka ba shi da wurin juyowa.

Allah ya sa Ilu wanzami, abokinsa tun na ƙuruciya, yana tsaye a kansa yana zuba masa surutu kamar kullum. Ya yar da zabirarsa ya cafki bayan taguwarsa, ya ja da baya suka zube tare. Hannun Malam Nata'ala ya riga ya nutse har kafaɗa, rabin gemunsa ma ya sha baba.

"To ga furfura ta samu rini kyauta," in ji Ilu. Yana dariya, amma bai saki taguwar ba.

"Santsi ne," in ji Malam Nata'ala, bayan ganinsa ya dawo.

"Santsi na uku ke nan a mako guda. Na shekaranjiya a masallaci, da ka taso daga sujada, shi ma santsi ne? A kan buzu?"

Marina suka taru. Malam Isiyaku, babban karofin, ya zo yana dogara sanda, ya dubi rijiyar ya dubi mai ita. Ya ce, "Nata'ala, da ubanka muka yi aiki a nan, ba zan tsaya a tsamo min gawar ɗansa daga cikin baba ba. Ka je ka gyara abin da ke damunka. In ka sake faɗuwa, da hannuna zan rufe rijiyoyinka."

Bari in koma baya kaɗan in gaya muku abin da ke damun nasa. A wancan zamani ko sunan hawan jini ba kowa ya taɓa ji ba. Abin da Malam Nata'ala ya sani shi ne ciwon kai da ke kama shi a ƙeya tun da asuba, da ƙara a kunne, da haɓo jefi-jefi. Ilu ya sha kafa masa ƙaho a wuya, a zuƙe baƙin jini, ya ji sakayau kwana biyu, a na uku abu ya dawo. Da haka zai ci gaba har abada in ba don ƙanensa Ashafa ba. Ashafa ma da irin wannan ciwon kan ya fara, rannan da safe aka tarar ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Shekara biyu yana kwance, ko sunan kansa ba ya iya faɗa, Malam Nata'ala ne mai juya shi da wanke shi har Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya gani a ɗakin nan shi ya kai shi asibiti da ƙafarsa. Can aka ɗaure masa damtse aka auna, aka ce jininsa ya hau, aka ba shi wata farar ƙwaya, aka hana shi gishiri. Da ya koma aka ga jinin bai sauka yadda ake so ba, sai aka ƙara masa yawan ƙwayar. Tun daga nan jiri ya fara ɗibarsa in ya miƙe.

Ilu ne ya raka shi asibitin a ranar, da gemunsa rabi fari rabi shuɗi, mutane na kallo. Suka zauna a benci cikin warin aidin da kukan jarirai har rana ta kusa tsakiya. Daga nan Malam Jafaru ya leƙo ya kira su. Shi Malam Jafaru wani siririn Bafulatani ne ɗan Shahuci, malamin asibiti, shi ke ba da magani kuma shi ke yi wa likita tafinta, don likitan Bature ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba.

"Baffa, yau kuma kai aka rina?" in ji Malam Jafaru.

"Ƙwayarku ce ta rina ni."

Aka auna shi yana zaune, zaibar ma'aunin jinin ta hau cikin kwalbarta ta tsaya can sama. Aka ce ya miƙe, aka sake aunawa, sai ga ta ta faɗo ƙasa, shi kuma ya dafa tebur. Likita ya daɗe yana kallon takardarsa, ya yi magana, Malam Jafaru ya juyo.

"Yana tambaya, gishirin da aka hana ka, ka bari kuwa?"

"Wata uku ko ƙwara ɗaya bai shiga bakina ba. Ka tambayi Yaya 'Yardada, ita ke min girki tun rasuwar mai ɗakina. Ta kwashe gishirin gidan kaf ta bai wa maƙwabta."

"To da me ake miyar?"

"Da kanwa mana. Ungurnu mai kyau, ta wajen Barebari. Kuma kullum da safe sai ta jiƙa min wata a ƙoƙo na sha kafin koko, saboda ta tsinka jinin."

Ilu ya gyara zama ya ce, "Ni na ba ta wannan shawarar. Kanwa ai ba abin da ba ta wankewa."

Malam Jafaru ya dube su su biyu. Ya fassara wa likita, likita ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu.

"Baffa," in ji Malam Jafaru a hankali, "abin da ke cikin gishiri da muke gudu, yana nan cikin kanwa. A wajen jininka duk ɗaya ne. Wata uku muna ja ƙasa da ƙwaya, ku kuna turawa sama da ƙoƙo. Shi ya sa muka ƙara maka, ƙarin kuma shi ke kayar da kai."

Ilu ya sosa ƙeya. Malam Nata'ala ya juya wajen Malam Jafaru.

"To in na bar kanwar, shi ke nan na huta da ƙwaya?"

"A'a. Jinin naka ya wuce nan. Zai dai sa maganin ya yi aiki da kaɗan."

Likita ya buɗe aljihun tebur ya fito da kwalabe biyu, ya zazzago ƙwaya ɗaya daga kowace a kan farar takarda. Ɗaya ita ce wadda Malam Nata'ala ya sani. Ɗayar ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar dawa ba.

Malam Jafaru ya nuna ta farkon. "Wannan tana da ƙarfi. Ko an rage ta, ba za mu yi maka alkawarin jiri zai bar ka ba. Likita ya ce in ita ka zaɓa, to ka bar bakin rijiya, ka nemi aikin zaune." Ya nuna ƙaramar. "Wannan kuma sabuwa ce a wurinmu, daga saiwar wani itace na ƙasar Hindu ake yin ta. Ba ta cika kayar da mutum ba. Tana sa kasala, wani ma takan sa shi baƙin ciki ba dalili, in ka ji haka ka dawo maza. Sannan yawancin masu shan ta hancinsu toshewa yake yi, kamar mai mura."

"Na kwana nawa?"

"Muddin kana shan ta."

Malam Jafaru ya faɗi maganar hancin a ƙarshe ne don a ganinsa ita ce ƙarama. Ya yi mamaki da ya ga tsohon ya sunkuyar da kai.

Ku da ba marina ba, ba za ku gane ba sai na gaya muku. Ruwan baba abu ne mai rai. Ana zuba baba da toka da katsi, wato ƙonanniyar lakar gindin rijiya, a yi ta motsawa da muciya kwana da kwanaki har ya nuna, kuma yadda yake nuna haka yake mutuwa. Ido yana ganin kumfa da launinta, amma kafin ido ya gani, abin ya riga ya faru. Hanci ne ke ji tun da saura kwana guda: yau yana son toka, yau a ƙyale shi, gobe zai kama. Duk Ƙofar Mata kuwa an san hancin Malam Nata'ala. Marini in rijiyarsa ta rikice masa, shi yake kira ya zo ya durƙusa ya shaƙa. Buzaye sukan zo daga Agadas su wuce rijiya talatin su tsaya a tasa. Ba shi da karatu mai zurfi, ba shi da gona, hancin nan shi ne abin da ubansa ya bar masa tare da rijiyoyi uku.

"Wato ɗaya ta karɓi ƙafata, ɗaya ta karɓi hancina," in ji shi.

"In ka bar su duka kuma, Baffa, ka san abin da ya sami Malam Ashafa. Ban ce lalle ba, Allah ne masani. Amma hanyar ke nan."

"Akwai ƙaho dai," in ji Ilu, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai wanzam, ƙahonka na kwana biyu ne, kai ma ka sani," in ji Malam Nata'ala, ba tare da ya ɗago ba.

Likita ya ce ba dole sai yau ba. Ya je gida ya yi tunani, kada ya kusanci rijiya, gobe da safe ya dawo ya faɗi wadda ya zaɓa.

Suka biyo lungu suka nufi gida. Sai da suka kusa rabuwa Ilu ya ce, "Ka ɗauki babbar ka dawo rumfata. Ka riƙa riƙe min kan yara in ina aski."

"In zauna ina jin warin rijiyata daga nesa, wani yana lalata ta?"

"To ɗauki ƙaramar."

"In tsaya a kanta kamar jaki, ta mutu a gabana ban sani ba. Wata uku ya isa Buzaye su gane."

"To ni dai na ba da shawarar kanwa, ba na ƙara ba da wata," in ji Ilu, ya saɓa zabirarsa ya yi gaba.

Ana kiran la'asar ya shiga gida. Yaya 'Yardada tana tsakar gida tana kaɗa miyar kuka. Ta girme shi da shekara shida, ta yi aurenta a Ƙofar Dawanau, mijin ya rasu, 'ya'yan sun watse gidajensu, ta dawo gidan ubanta tana mulkin ƙanenta kamar yana ɗan shekara bakwai. Labarin faɗuwar ya riga shi isowa, idonta ya nuna ta yi kuka, amma da faɗa ta tare shi.

"Sai yanzu? Mutum ya kusa mutuwa, sai a bakin mai tallan goro zan ji? Cire rigar nan, ka zama kamar dodo. Ga jiƙonka can na ƙara maka, tunda na safe bai riƙe ka ba."

Ya dubi ƙoƙon kanwar a gindin randa, an rufe shi da faifai. Ya so ya sha kawai ya yi shiru. Amma ya zauna a kan turmi ya gaya mata duk abin da aka ce, bai rage komai ba.

Ta tsayar da maburgi. "Wato ni ce."

"Ba ke ba ce, Yaya. Ba wanda ya sani."

"Ni ce mana. Wata uku ina tashi tun duhu ina jiƙa maka abin da zai jefa ka rijiya." Ta tashi ta ɗauki ƙoƙon ta watsar a magudana. Ta shiga madafa ta fito da ƙunshin kanwar gaba ɗaya ta ajiye a zaure, inda duk mai so zai ɗauka. Ta dawo ba ta dube shi ba, ta ɗauki taguwar da ya cire za ta jiƙa.

Har ta kai ta bakin kwatarniya, sai ta tsaya. Ta ɗaga hannun rigar, wanda ya nutse, ta kai hanci. Ta sake kaiwa.

"A wace ka faɗa?"

"Ta tsakiya."

"To in ka gama zaman makokin, ka aika a zuba mata toka. Ta fara tsami. Ka bar ta jibi, ta mutu."

Malam Nata'ala ya ɗago kai. Da safen nan, kafin ya faɗi, abin da hancinsa ya gaya masa ke nan, kuma bai faɗa wa kowa ba.

"Yaya, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Ga shi nan a rigar, kuma ta bushe ma."

"A ina kika koya?"

Ta harare shi. "Kai kana goye lokacin. Ni nake kai wa mahaifinmu fura karofi. Ya kan ɗaga ni ya ce, 'Yardada, shaƙa min wannan. In na faɗa daidai ya ba ni dabino. Sai da na shekara tara aka ce na girma, mace ba ta zuwa karofi. Shi ke nan." Ta jefa rigar cikin ruwa. "Shekara nawa kana shigo min gidan nan da warin rijiyoyinka. Ran da za ka yi asara ina sani tun kana zaure. Ba ka taɓa tambaya ba, ni kuma ban ga abin shiga sha'anin maza ba."

Ya daɗe a kan turmin. Inuwa ta rufe tsakar gidan, kaji suka fara neman akurki. Yana kallon bayanta tana cuɗa rigar da ƙarfin da ya wuce na wanki. Ya tuna yadda mahaifinsu kan ce, hancin gidan nan ba a hannun mai gemu yake ba, shi kuma duk zamansa ya ɗauka tsohon da kansa yake wasa, don marigayin gemunsa bai taɓa cika ba.

Ya tashi a hankali, yana dafa bango kamar yadda aka koya masa, ya shiga ɗaki ya fito da 'yan goruna uku ƙanana, irin na zuba tawada. Ya ajiye su kusa da ita.

"Na mene ne?"

"Rijiya uku. In na ɗebo kowace da hantsi na kawo miki, za ki iya?"

Ta tsame hannu daga wankin. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina cikinta, ta ce wannan an taɓa zuba mata man shanu, a sake wata. Sannan ta ce, "Kar ka toshe bakinsu da tsumma, zai sha warin. Ka sa ɓawon rake. Kuma kar ka tsaya surutu da wanzamin nan a hanya, in ya huce ba ruwana."

"To."

"Kuma ba na son a ji. A ce tsohuwa ta shiga rini."

"Ni ma ba na son a ji," in ji shi. A nan ne ta yi dariya, karo na farko a ranar, ta goge ido da gefen zane.

Washegari da safe ya koma asibiti shi kaɗai. Malam Jafaru ya sake zazzago ƙwayoyin biyu a kan takarda. Malam Nata'ala ya sa baƙin yatsansa ya tura ƙaramar gaba.

"Ka tabbata, Baffa? Jiya na ga maganar hancin ta dame ka."

"Na samu inda zan ara."

Malam Jafaru bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya ƙunshe masa na wata guda.

Daga asibitin ya biyo ta karofi. Malam Isiyaku ya tsaya yana kallonsa, da ya ga ya durƙusa ya miƙe sau uku bai faɗi ba, sai ya koma rumfarsa. Malam Nata'ala ya zuba wa ta tsakiya toka. Kafin ya tashi ya sunkuya a bakin kowace rijiya ya ja numfashi mai tsawo, ya daɗe a kan ta farkon, wadda kakansa ya haƙa. Marina suka ɗauka aiki yake yi.

Cikin mako biyu hancin ya toshe, har muryarsa ta sauya. Miyar da ba gishiri ba kanwa kuma ba ƙamshi ta zama masa kamar ruwan zafi, ya riƙa ci don dole. Kasalar ma ta zo, ya koyi gyangyaɗi bayan azahar. Amma ciwon ƙeya ya tafi, jiri bai sake ɗibarsa ba. Kullum da hantsi a ga ya cika 'yan gorunansa ya sa a aljihu ya ce zai je gida shan koko. In wani marini ya kira shi duba rijiya, sai ya durƙusa ya shaƙa kamar da, ya ɗebi kaɗan a gora, ya ce bari ya je ya yi tunani.

Malam Nata'ala ya ƙara shekara goma sha ɗaya a bakin rijiyoyinsa, ya rasu a kan shimfiɗarsa da bakinsa daidai, yana kalmar shahada. A shekarun nan Buzaye suka riƙa cewa hancinsa ƙara kaifi yake yi da tsufa. Malam Jafaru aka yi masa canji zuwa wani gari, kuma har ya bar aiki duk wanda ya hana gishiri sai ya ƙara masa da cewa har da kanwa. Ilu wanzami ya gane maganar gorunan tun a makon farko, kuma ita ce magana ɗaya tak da ya riƙe a cikinsa sai da ya ga mutuwa ta zo. Yaya 'Yardada ta bi ƙanenta bayan shekara biyu. Ba ta sake taka karofi ba tun tana 'yar shekara tara.